Kunamar da Na Sassaƙa wa Bilki

Daga Kabo har Gwarzo, kai ko da mutum zai leƙa ƙasar Katsina, ba a haifi mai hannu irin nawa ba wajen mayar da guntun katako ƙwaro. Ni ne Sale, wanda yara ke kira Sarkin Ƙwari, kuma ba ni na naɗa kaina ba, alewa kawai na raba ranar da suka fara faɗa. Na taɓa sassaƙa fara, wata kaza ta bi ta da sara tun hantsi har azahar, ta koma gida da lanƙwasasshen baki, ta yi mako ba ta yi ƙwai ba saboda baƙin ciki. Na jera ƙudan zuma ashirin a kan tebur, wani mai tallan zuma ya tsaya yana tambayata inda na rataye amyar. In kun ce ƙarya nake yi, kazar ta mutu, sai ku je ku tambaye ta.

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna ɗaukata a waya, kuna cewa ai wannan aikin ko daga barci aka tashe ku za ku yi shi, ku nemi benci ku zauna. Kun sha tambayata me ya sa akwai fara da gyare da buzuzu da malam-buɗe-littafi a teburina amma babu kunama. Yau zan ba ku amsa. Akwai ranar da wannan hannun da nake yabo ya kusa zama ajalin 'yar mutane. Haka dai duk gari ya yarda a ranar, har da ni.

Aikina na farko a sana'ar nan shi ne wasa gizago. A Masanawa na koya, a hannun Baba Nomau masassaƙi, Allah ya ji ƙansa, mutumin da in ya yi dariya sau biyu a shekara sai iyalinsa su fara tambaya ko lafiya. Turmi yake yi, da taɓarya da muciya da ƙotar fartanya. Shekarata ta farko ban sari itace ba ko sau ɗaya. Ina wasa gizago, ina share ɓawo, ina cin tuwo. A shekara ta uku ne kawai ya taɓa yaba mini. Guntayen da suka rage daga ƙota ba ya barin a kai murhu. Sai ya ɗauki guda, tsawon ɗan yatsa, ya zagaye masa kai, ya tsuke masa wuya, ya bar gangar jikin sumul, ya miƙa wa 'yar maƙwabta ta goya. 'Yar tsana ke nan, ba hannu, ba ƙafa, ba fuska. Ranar da na ɗauki ƙusa zan yi wa ɗaya ido da baki, ƙotar da ke hannunsa ya ɗana mini a gadon baya. Ya ce cika halitta na Mai halitta ne, mu masassaƙa rage wani abu muke yi, yaro shi zai cika sauran da kansa. Na ce to, amma a raina na ce tsohon nan fuska ce bai iya ba.

Ƙwaron farko kuwa ba dabarata ba ce, ko da yake na daɗe ina cewa a mafarki aka nuna mini. Bayan na buɗe rumfata a Kabo, wata malamar makarantar ƙananan yara ta Gwarzo, Malama Rifkatu, mutuniyar Filato, ta zo sayen muciya. Ta ga 'yan tsana a faranti, ta ɗauki ɗaya ta kwantar da ita a tafin hannu, ta ce in duba da kyau, ai ƙwaro ne wannan: ga kai, ga wuya, ga ciki, ƙafa da fukafuki kawai ya rasa. Ta ce in yi mata talatin, yaranta suna koyon sunayen ƙwari kuma sun gaji da zanen alli. Na ce mata ai dama shekara uku ke nan ina wannan tunanin. Ta ce haka ne, ta gani a fuskata.

Da na gama na kwashi biyar na kai wa Baba Nomau, lokacin idonsa ya fara rauni. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙafar farar da ƙarfi bai iya cire ta ba, ya ajiye. Abu ɗaya ya faɗa. Ya ce in yi duk wanda na ga dama, amma abin da harbinsa ke kisa kada in koya wa yaro son sa. Na ce na ji, Baba. Kuma na ji ɗin, shekara goma sha ɗaya.

To ku masu cewa sauƙi, ku ɗauki fara guda ku juya ta. Da darbejiya nake yi, busasshiya wadda ta ga rani biyu, domin gara ba ta son ta, yaron da ya sa a baki ma sau ɗaya yake ɗanɗanawa ya haƙura. Zarto ya yanka, wuƙa ta fere, magagari ya bi, samfefa ta gama, har sai na goga a kumatuna ban ji komai ba. Daga nan basilla ta shiga kaskon gawayi, ta yi ja, in huda jikin daga wannan gefe zuwa wancan. Huda uku. Zirin fata uku daga wajen dukawa, kowanne ya ratsa ya fito, a ɗaure shi ta ciki, sun zama ƙafa shida. Huda uku, ƙafa shida, hannuna ya yi wannan har ya daina shawara da ni. Ba na sa waya, domin waya tana neman idon yaro kamar an aike ta. Ba na manna ido da duwatsun ado, ƙona shi nake yi da bakin ƙusa. Fentin mota ba ya shiga rumfata. Lalle ne ja, kurkum ne rawaya, shuni ne shuɗi, man kaɗe ya rufe. Fukafuki daga kaba ko ƙyallen tela, a ɗinke, ba a liƙe ba. In na gama sai in cije shi, in maka shi da bango, in taka. Duk abin da ya ɓalle, in zai iya shiga bakin kwalbar lemo, wannan ƙwaron murhu zai tafi. Haƙorina biyu na gaba da kuke yi wa dariya, a bakin aiki suka yi shahada.

Kuma ban taɓa sassaƙa ƙwaro daga ka ba. Sai na kama na gaske, na jefa shi a gwangwanin madara, na rufe bakin da tafin hannu, na zo da shi rumfa, na zuba shi a kwalba na zura masa ido kwana guda. Yara sun san wannan, suna kewaye ni in ina kamu.

Gyaren da na yi wa Bilki shi ya fara haɗa ni da ita. 'Yar Malam Haruna ce, wani manomi a Garo, mutum mai sanyin magana, duk ranar kasuwa yana ɗauko ta a kan tankin babur. Shekararta shida a lokacin, ga ta 'yar firit, amma in ta ɗauki kaya tana dubawa sai ka ce jami'ar kwastan. Ta juya gyaren, ta ce gashin kansa ya yi gajarta. Na ce yarinya, tun kafin a auri uwarki nake ganin gyare. Kasuwa ta zagayo, sai ga ta da gwangwani, ta rufe da tafin hannu yadda nake yi, ta buɗe mini a gaban jama'a. Gashin ya fi jikinsa tsawo. Na ce wannan gyaren Garo ne, ni na Kabo na yi. Na dai gyara.

A tsakar gidansu gari guda ta gina da ƙwarina, uban ke ba ni labari. Buzuzu direban babbar mota ne. Fara ce mai kai saƙo. Malam-buɗe-littafi amarya ce kullum, an ɗaura mata aure ya fi sau ɗari, ango bai taɓa zama ɗaya ba. Akwai kasuwa, akwai kotu, akwai gidan yari da aka yi da kwanon sha. Sai wata rana ta zo mini da matsala: kotu ba ta da aiki, domin duk mutanen garin na kirki ne. Mugu take so. Kunama.

Na ce ba na yin kunama. Da a nan maganar ta tsaya, da yau ba ni da labari. Amma a gefena akwai wani mai kayan wasan roba, irin na kwali da ake kawowa daga birni, yana da macizai da kadoji da gizo-gizo. Ya ji mu. Ya ɗaga murya yadda masu tumatir ma za su ji, ya ce yarinya ki ƙyale shi, ba ƙi ya yi ba, kasawa ya yi, Sarkin Ƙwarin nan iyakarsa fara. Aka yi dariya. Ni kuwa a duniya ba abin da na ƙi jini kamar a yi dariya ba ni na ba da ita ba. Na ce wa Bilki kasuwa mai zuwa ta zo ta karɓi mugunta.

Kunamar nan kwana huɗu ta ci mini. 'Yar tsanar na kwantar, na baje mata baya da magagari. Hannuwan gaba daga reshe mai baki biyu na fitar da su. Wutsiya gaɓa biyar, kowace dabam, na zura su a igiya mai kauri na ɗaure tamau, in ka danna ta sai ta lanƙwaso ta kan baya ta koma. Ƙarin na dakushe shi. Na jiƙa ta a lalle sau uku, na shafe da man kaɗe, ta fito jawur tana ƙyalli. Abu ɗaya ne ban yi ba, kuma tunda na tara ku zan faɗa: ban kamo ta gaske ba. Ni da kunama ba ma zama a unguwa ɗaya. Ta taɓa faɗowa daga rufin ɗakina, matata ce ta kashe ta, ni ina waje ina kula da ƙofa kada ta gudu. Saboda haka na ce wa kaina wa bai san kunama ba, na yi ta daga ka.

Ranar kasuwa na ajiye ta a kan tabarmar mai kayan roba yana tsakiyar ciniki. Tsallen da ya yi, da akwai alƙali a wurin da an ba shi kofi. Bilki ta karɓa, ta juya ta ciki, ta bi ta da ɗan yatsa, leɓenta yana motsi. Ta ɗago ta dube ni. Ba ta ce komai ba, ta sa a aljihu. Na ce wa jama'a ku shaida, yau na rufe bakin kwastan. Kafin wata ya ƙare duk yaron da ke tsakanin Kabo da Garo yana son tasa, na yi ta yi ina sayarwa, yara suna jefa wa iyayensu mata a cikin kwando ana ihu ana dariya. Baba Nomau ya riga ya rasu, babu mai ɗana mini ƙota.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwan farko da kwana biyu, lokacin da ƙasa ke fito da duk abin da ta ɓoye. Da hantsi ina zaune ina huda buzuzu, sai wata mata ta tsaya a kaina, ta kwance bakin mayafi ta zazzage mini ƙwari a ƙafa, har da waɗanda na sayar mata bara. Na fara wasa, na ce Hajiya in haihuwa suka yi ai sai a yi mini barka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ji tsoron Allah, ta juya. Kafin in tsince su, ta biyu ta zo. Ta uku ba ta ƙaraso ba ma, daga nesa ta wurgo. Mai kayan roba ya fara tattara tabarmarsa yana matsawa daga kusa da ni.

Sai waya ta yi ƙara. Malama Rifkatu ce, makarantarsu ba ta da nisa da asibitin Gwarzo. Ta ce an kawo wata yarinya daga Garo, kunama ta harbe ta a tafin hannu, jikin ya yi tsanani, kuma sunana ake ambata a baranda. Ana cewa yarinyar ta ga ta gaske ta ɗauka irin tawa ce, ta sa hannu. Na tambayi sunan yarinyar, alhali na sani.

"Malam Sale, ka taho yanzu," in ji ta. "In ka zauna, za a ce ka gudu."

Na bar basilla a wuta. Babur ɗin da kullum bugu ɗaya yake tashi, na buga ya fi goma, sai wani ya nuna mini ban murɗa makulli ba. Ina shirin tafiya saƙon mai unguwa ya iso, cewa in rufe rumfa, kada in sake buɗewa sai an ga abin da Allah ya yi. Wannan rufewar ita ta buɗe mini mummunar shekarata. Ko bayan an ce in buɗe, wata huɗu ba wanda ya sayi ko ƙuda a hannuna, na koma fere ƙotar fartanya kamar sabon shiga, makarantu biyu suka mayar da kaya. Amma a kan hanyar Gwarzo ran nan ba rumfa ce a gabana ba. Yarinya 'yar firit, da jar kunama, a tafin hannu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san babba yana yin kwana guda yana kuka ya warke, ƙaramin yaro kuwa ba kullum ba.

Na tarar da su a baranda, maza wajen takwas daga Garo, wasu da ƙasar gona a ƙafa. Malam Haruna yana zaune a ƙarshen benci. Na yi sallama ya amsa, domin wannan ba don ni ba ce. Na durƙusa na ce yaya mai jiki. Na ce ashe abin da ya faru ke nan. Mutumin da in mun haɗu sai mun gaisa har kan awakinsa, ranar bangon da ke bayana yake kallo. Wani daga cikin mazan ya miƙe ya ce me na zo yi, ko na zo ganin yadda aikina ya yi kyau ne. Malama Rifkatu ta shiga tsakani, ta ce ita ta kira ni, kuma in laifin ƙwarin katako ne to ita ta fara kawo maganarsu garin nan, a fara da ita. Ya koma ya zauna, amma bai daina kallona ba.

Ta taga na hango Bilki. An ɗaura mata ƙarin ruwa. Gumi ya jiƙa ta sharkaf kamar an tsamo ta daga rijiya, yawu yana zuba, ƙirjin yana sama da ƙasa da sauri irin na ɗan tsako. Hannun yana kan matashi, yatsun suna rawa su kaɗai. Ta yi amai sau biyu ina tsaye. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce sun yi allura, sun yi abin da ya kamata, yanzu numfashi da bugun zuciya suke tsaro. In ta kai la'asar abin yana sauka, to da sauƙi. In ya hau, sai a nemi mota zuwa Kano. Wani ya tambaya ko za ta kai Kanon. Ta ce a yi addu'a.

Kakar yarinyar, Inna Asabe, ita ta tsince ta. Ta fito daga ɗakin ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba don ta ji daɗin ganina ba. Ta ce tana tankaɗe ta ji ƙara daga bayan randa. Ta tarar da yarinya tana yarfe hannu, ga gwangwani a yashe, ga ta katako a cinyarta, ga ta gaske tana tafiya abinta. Ta bi ta da takalmi. Tana faɗa tana kwance bakin zane, sai ta fito da wani ƙyalle ta shimfiɗa a kan benci. Ga su nan biyu a jere, tawa da ta Allah, ɗaya tana ƙyalli ɗaya a murƙushe.

"Duba, ɗan nan," in ji ta. "Kai babba, ka rantse za ka bambance su a bayan randa?"

Na duba da wutsiyar ido, domin ko matacciya ce ba na son mu haɗa ido. Ja da ja, wutsiya da wutsiya. Na ce ba zan rantse ba, Inna. Mazan suka yi ta girgiza kai. Ni da bakina na yanke wa kaina hukunci, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da aka ce aikina ya yi kama da na gaske ban ƙara gishiri ba.

Aka kira azahar. Muka yi sahu a ɗan masallacin asibiti, na tsaya a ƙarshe, wanda ke gefena ya bar tazarar da akuya za ta wuce. Da muka dawo aka ce zazzaɓi ya ƙaru. Malam Haruna ya aika a nemo direba ya tsaya kusa. Direban ya zo ya ajiye mota a bakin ƙofa ya bar ta a buɗe.  Ma'aikaciyar tana shiga tana fita, duk fitowa sai mu miƙe gaba ɗaya, ta wuce mu koma. Malama Rifkatu ta kawo ruwa a leda, ba wanda ya sha. Ni dai inuwar ginshiƙin baranda nake kallo tana jan jiki a kan siminti, ina cewa in ta taɓa wancan tsagin la'asar ta yi. Ban taɓa sanin inuwa tana da nawa haka ba. Ni da ake roƙo in yi shiru a gidan makoki, ranar awa biyu cur ban ce uffan ba, ku tambayi Malama, ita ba ta ƙarya.

Inuwar ta haye tsagin. Aka kira la'asar, muka je muka dawo. Sai ma'aikaciyar ta leƙo, ta ce wa direba ya rufe motarsa ya tafi. Ta ce gumin ya tsaya, numfashi ya daidaita, yarinya ta nemi ruwa, har ta ce ruwan ba sanyi. Inna Asabe ta ce in dai ta fara ƙorafi to ta dawo. Aka ce mutum biyu su shiga. Malam Haruna ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. Karo na farko ke nan da ya dube ni tun safe. Ya ce in zo in ji da kunnena.

Na shiga ina bin bango. Mazan suka taru a taga, Inna ta kutsa da ƙyallenta, ba wanda ya iya hana ta. Bilki tana kwance, leɓe a bushe, ido ya faɗa. Uban ya zauna a bakin gado ya riƙe lafiyayyen hannun, ya yi mata sannu, ya bari ta ƙara kurɓar ruwa. Sannan ya tambaye ta a hankali, ya ce ba faɗa zai yi ba, gaskiya kawai yake so.

"Uwata, da kika gan ta a bayan randa, kin ɗauka irin ta Baba Sale ce?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko jaki yana tashi sama. Muryar ba ta fita sosai, sai da muka sunkuya. Ta ce ta san ta gaske ce mana. Da kara ta tura ta cikin gwangwani, ta shiga lafiya, wajen rufewa da hannu ne ta harbe ta. Uban ya ce to me za ta yi da kunama a gwangwani. Ta ce Inna ta buɗe ƙyallen. Inna ta buɗe. Ta ce a ƙirga ƙafafun. Malam Haruna ya ɗauki tsinke ya ƙirga na matacciyar, har da waɗanda takalmi ya karya: takwas, ban da hannuwa. Ya juya tawa. Ba sai ya ƙirga ba, ni na san huda nawa na yi.

Bilki ta juyo da kai a kan matashi ta same ni a jikin bango.

"Kawo maka zan yi ka gani," in ji ta. "Taka ai gyare ne aka sa wa wutsiya, ko buzuzu ba ya tsoronta. Baba Sale, ashe kai ba ka taɓa ganin kunama ba?"